Yadda Ka Tarar Da Ƙofa

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Bronwyn ce ta ba ni wannan littafi Kirsimetin bara, wai in riƙa rubuta yadda nake haɗa kek don kada in mutu da shi a ka. 'Yata ke nan, ba ta iya zagaye magana ba. To kek zai jira. Ina da abin faɗa, an kuma ce kada mu faɗa wa kowa. Takarda dai ba kowa ba ce.

Jiya ni da mijina Lyall muka kwashe shanu daga filin rafi muka mayar da su filin tudu, muka rufe ƙofar da ke tsakani. Tun da aka kawo ni gonar nan ban taɓa ganin an rufe ƙofar rafi a watannin zafi ba. Sai da muka ɗura mata mai kafin ta yarda ta motsa. Beryl ta ba mu wahala. Ita ce tsohuwar jar saniyar da garke ke bi, Lyall ya raɗa mata sunan gwaggonsa saboda halinsu ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana hararmu kamar mun kore ta daga gidan ubanta.

Abin da muka gani a babban gurbi ranar Asabar ne ya jawo. Rafin ya daɗe da daina gudu, gurbin nan kaɗai ya rage mana. Kifaye duk sun taso ciki sama, bakin ruwan ya yi fari fat da gishiri, ga wani wari kamar na garejin mota. Karenmu Tip ya shinshina ya ja da baya.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Yaron kamfanin gas ya zo, Trent. Takalminsa ko ƙura babu. Ya ci biskit ɗina uku yana yabawa, sannan ya ce "ɗan yoyo" aka samu a tafkinsu na sama da mu, inda suke tara ruwan da ke dawowa bayan sun ɗura shi ƙarƙashin ƙasa sun fasa dutse.

Na ce, "Ɗan yoyo ne ya kashe kifin rafi guda?"

Ya ce, "Mama Glenys, ba a tabbatar ba tukuna. Ana gwaji."

Na ce, "Kai ka sha kofi ɗaya mana, sai a tabbatar."

Ya yi dariya, Lyall bai yi ba. Sun ce tankarsu za ta riƙa kawo ruwa kwamin shayar da shanu na filin tudu har a gama gwaji, tunda burtsatsenmu ya koma tofar da iska da kumfa tun da suka haƙa rijiyoyinsu. Amma ya tuna wa Lyall cewa a cikin abin da ya sa wa hannu shekarun baya akwai alkawarin kama baki. Idan magana ta fita, tanka ta tsaya.

Bayan ya tafi Lyall ya wanke kofin da yaron ya sha shayi, ya sake wanke shi. Mutumin da bai san inda soso yake ba a gidan nan.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da safe

Na duba ƙofa. A rufe take. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da rana

Mun yi faɗa a kan kwaɗo.

Hanyar da ke ratsa ƙofar nan ba tamu kaɗai ba ce. Merv, maƙwabcinmu na ƙasan rafi, ta nan yake yanke zuwa titi, tun zamanin ubansa da uban Lyall. Mai kawo wasiƙu ma ta nan take bi, ga tanka yanzu. Na ce a sa kwaɗo, ko a rataya allo a rubuta kada a buɗe.

Lyall ya ce, "In sa wa Merv kwaɗo? Gara in je in tofa masa yawu a fuska."

"To allo fa?"

"Allo ai magana ce, Glen. Zai tambaya don me."

"To ya tambaya mana!"

"Ba a bukatar komai. Duk wanda aka haifa a karkarar nan ya sani, yadda ka tarar da ƙofa haka kake barinta. Ka same ta rufe, ka rufe. Ka same ta buɗe, mai ita ya san dalilinsa."

Gaskiya ce. Ni ma da bulala babana ya koya mini ita, ranar da na yi gwaninta na rufe wata ƙofa na raba tumaki da ruwa. Amma abin da Lyall bai faɗa ba na sani. Shi da Merv tare suka yi makaranta, Merv ne ya tsaya masa ranar aurenmu. Da kamfani ya zo, Merv ya kore su da kare, Lyall ya sa hannu saboda fari ya kai mu bango. Tun daga nan in sun haɗu a hanya yatsa ɗaya kowa ke ɗagawa daga kan sitiyari. Lyall ya fi son ya haɗiye garwashi da ya tsaya gaban Merv ya ce ka yi gaskiya.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan coci

An yi addu'ar ruwa. Na yi da gaske, har gwiwata ta yi ciwo. A waje Merv ya tare ni da hularsa a hannu.

"Glenys, me ya sami tsohon naki? Ya kulle shanu a tudu cikin wannan zafi, ga inuwa da ruwa a rafi. Ko kan ya fara juyewa ne?"

Na ce, "Ciyawar rafi yake so ta huta."

"Wace ciyawa? Ko kangaru sai ya zo da guzurinsa wurin nan."

Na yi dariya. Na yi wa Merv ƙarya a ƙofar coci, ina dariya.

Talata, 25 ga Nuwamba, da yamma

Shanun sun yi layi a jikin waya, fuskarsu duk tana rafi. Ba sa kuka sosai, kallo kawai. Yawancinsu da ciki. Jinin shanun mahaifin Lyall ne, jajaye masu farar fuska, bai taɓa sayar da mace mai kyau daga cikinsu ba ko a shekarar da muka sayar da motata. Ya san uwar kowace da kakarta. Ranar haihuwar Bronwyn kuwa sai na tuna masa.

Na neme shi cin abincin rana ban gan shi ba. Na same shi a rumfa, zaune cikin akori-kura, inji a kashe, hannu biyu a kan sitiyari. Na ce ina za ka. Ya ce babu ko'ina.

Da ya shiga wanka na ɗauke makullin akwatin bindiga daga bayan agogo na tura shi cikin gwangwanin fulawa. Ba zan rubuta dalili ba. Matar Col na tsallaken titi ma ta ce mijinta shiru kawai ya riƙa yi kafin ya juya wa kansa bindiga bara.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da safe

Ƙofa a rufe. Makulli yana nan.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da yamma

Bronwyn ta bugo daga birnin Toowoomba. "Mama, muryarki wani iri. Baba fa?" Na ce yana wajen shanu, lafiyarsa ƙalau, zafi ne kawai. Ta ce ko kun je iyo a babban gurbi bana. A nan ta koyi iyo, babanta ya ɗaura mata igiya a ƙugu yana tsaye a ruwa har ƙirji, tana ihu tana cewa kada ya saki, alhali ya daɗe da saki. Na ce ban samu lokaci ba, na ce madara na kan wuta. Babu komai a kan wuta.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da safe

Ban je coci ba. Ba na son ganin Merv.

Talata, 2 ga Disamba, da rana

Tanka ba ta zo jiya ba, yau ma shiru. Ruwan kwami ya sauka ƙasa da rabi. Lyall ya buga wa Trent har sau nawa, wai direbansu ya bar aiki, ana neman wani. Mun ɗebo daga tankin ruwan sama na gida a durom muka kai musu, ruwan shanmu ke nan, amma me durom zai yi wa garke. Beryl ta sha ta ɗago kai ta dube ni. Wallahi kunya na ji.

Jibi Lyall ke da ganin likitan zuciya a Toowoomba. Tun tsakiyar shekara muke jiran layin nan. Ya ce ba zai je ba. Na ce zai je ko da a ɗaure ne.

Alhamis, 4 ga Disamba, da sassafe

Trent ya rantse tanka ta kama hanya, kafin rana ta yi tsaka kwami zai cika. Lyall ya tsaya da jaka a hannu yana kallon tudu. Na ce, "Shiga mota, tsoho. Shanu ba za su yi maka aikin zuciya ba." Mun tsaya a ƙofa, ya sauka ya buɗe, na wuce da mota, ya rufe, ya ja sarƙar ya sake ja. Za mu kwana wajen Bronwyn, gobe mu dawo.

Juma'a, 5 ga Disamba, da yamma

A buɗe muka same ta.

Asabar, 6 ga Disamba, da hantsi

Ban iya rubutu jiya ba. Bari in gwada, ko zai sauka daga ƙirjina.

Tun daga nesa na ga babu ko saniya ɗaya a jikin waya. Lyall ya ƙara wa mota wuta. Ƙofa a wangale, an jingine ta da kyau har da dutse. Sawun manyan tayoyi sun shiga, sun yi yawo a tudu, sun juyo sun fita. Kwami a bushe ƙayau. Sabon direban bai gano inda yake ba, ya gaji ya koma da ruwansa, ya bar ƙofa a buɗe. A kan sawun tayar kuma ga sawun kofato, duk sun nufi gangare.

Ba zan rubuta duk abin da ke bakin gurbi ba. Wasu sun riga sun tafi. Wasu na kwance suna shure-shure. Wasu na tsaye suna zagaye wuri ɗaya, ba sa gani. Lyall ya sauka yana kiransu da kiran nan nasa, wanda ko daga bayan tudu suka ji sai sun taho a guje. Kunnuwa suka motsa. Babu wadda ta iya zuwa.

Likitar dabbobi ta zo daga garin Miles. Ta ce gishiri ya yi musu yawa a kan ƙishirwa, ya taɓa ƙwaƙwalwa, sauran abin da ke cikin ruwan kuma sai an gwada. 'Yan ƙananan da manya suka ture ba su samu sun sha sosai ba, su za su tashi. Na kwancen nan da makafin, ta ce kada a bar su su ƙara wuni a haka. Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Asabar, da yamma

Jiyan dai, muna tsaye sai ga motar Merv. Ya sauko yana murmushi, bai kai ga hango gangaren ba.

"Ashe ka dawo hayyacinka, tsohon banza! Jiya da na ga ƙofa a buɗe na ce wa matata Dot, to, mai taurin kan nan ya tausaya wa dabbobi."

Sai ya hango. Hular hannunsa ta faɗi.

Lyall ya ce, "Ka wuce ta nan jiya?"

"Sau biyu. Da tafiya da dawowa. Iskar ma na so ta turo ta, ni na sa mata dutse." Ya sake duban gangaren. "Mai wasiƙu ma ta wuce, surukina ma. Lyall, a buɗe muka same ta. Me ke cikin ruwan nan?"

Ni na faɗa. Na faɗi yoyon, na faɗi Trent, na faɗi tanka da alkawarin kama baki, na faɗi ƙaryar da na yi masa a coci. Merv ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya wajen Lyall.

"Kalma ɗaya, mutumina. Da ka ce mini Merv, ruwan ya ɓaci, da na kwana a bakin ƙofar nan da kujera. Ni zan yi maka dariya? Ni?"

Lyall ya ce, "Ai ka gaya mini tun farko."

"To sai me? Ka sha gaya mini abubuwa ban ji ba. Wa ya ce kada in sayi jar tarakta?"

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga kafaɗar Lyall ta sauko kaɗan. Sai ya juyo gare ni, ya yi magana a hankali kamar mai neman gishiri a tebur.

"Glen, je ki ɗauko shi daga cikin fulawa."

Ashe ya sani. Tun yaushe, ban tambaya ba. Ban tafi ba. Shanun na bukatar abin da ke cikin akwatin nan, ni kuma na san abin da nake tsoro. Merv ya dube ni, ya dube shi, na ga ya gane. Shi ne ya fara isa gidan Col bara.

Ya ce, "Kawo mini makullin, Glenys. Mutum ba ya yi wa nasa da hannunsa in yana da maƙwabci. Lyall ne ya yi mini ranar da dokina ya karye."

Na kawo, fulawa duk a jikinsa. Merv ya hure shi ya sa a aljihu.

Na zauna a kicin na kunna rediyo har ƙarshe. Bai hana ni jin harbin ba. Tip ya shige ƙarƙashin tebur ya ɗora kai a ƙafata.

Lahadi, 7 ga Disamba, da safe

Merv ya ce Beryl ce ta ƙarshe. Tana tsaye, ba ta gani, amma da Lyall ya matso ta gane warinsa ta daina zagaye. Ya sosa mata bayan kunne ya daɗe, yana yi mata magana. Merv ya ce bai ji me yake cewa ba, kuma ko ya ji ba zai faɗa mini ba. Ita ta ja su zuwa rafi, na sani. Ta kai su inda ta saba kai su ruwa duk rayuwarta.

Merv ya tafi da bindigar gidansa, wai tana bukatar gogewa. Makullin ma bai dawo da shi ba. Lyall bai tambaya ba.

Talata, 9 ga Disamba, da rana

An kawo motar haƙa rami. An gama binne su.

Trent ya zo da wani babba mai taye. Sun ce suna baƙin ciki, sun ce za a duba batun diyya, sun ce ba a tabbatar ba tukuna. Babban ya tambaya ko akwai kwaɗo a ƙofar. Ban ba su shayi ba. A rayuwata ban taɓa barin baƙo ya tsaya a baranda ba shayi ba, ko mai tallan inshora.

'Yan ƙananan da suka tsira Merv ya kora su dam ɗinsa. Ba su da wadda za su bi, sai watsewa suke yi.

Alhamis, 11 ga Disamba, da safe

Lyall ya sa takalmi da asuba kamar kullum, ya kai bakin baranda, ya tsaya. Ya dawo ya cire. Ni ce na ce shiga mota, tsoho. Bai taɓa tuna mini ba, ni ce nake tuna wa kaina. Likita ya ce zuciyarsa da sauƙi, magani kawai zai sha. Labarin da muka je karɓowa ke nan.

Na tafi duba ƙofa, sai da na kai rabin hanya na tuna.

Asabar, 13 ga Disamba, da yamma

Kwana da kwanaki Lyall bai ce komai ba sai "to" da "na ƙoshi". Merv na zuwa kullum, su zauna a baranda ba mai magana, ya sha shayi ya tafi. Bronwyn na hanya gobe. Na gaya mata komai a waya, ta yi kuka, ta yi mini faɗa, ta sake yin kuka.

Gabas ta yi baƙi. Tururuwa na hawa bango da ƙwai.

Lahadi, 14 ga Disamba, da rana

Hadari ya haɗu sosai, ana jin ƙamshinsa. Muna zaune sai Lyall ya miƙe tsaye yana kallon sama, sannan ya kalli gangaren rafi. Na ga abin da ya gani. In ruwan nan ya sauka rafi zai tashi, duk abin da ke kwance a babban gurbi zai gangara. Gonar Merv ce ta farko, inda jikokinsa ke iyo ranar Kirsimeti. Bayanta akwai gonaki har gada.

Ya ce, "Ba ni waya, Glen."

Na ce, "Alkawarin fa?"

Ya ce, "Su tsayar da tankar. Wa za ta shayar?"

Yana kicin yanzu, yana bin mutanen ƙasan rafi gida gida. Ina jin muryarsa ta taga, a dishe take amma tasa ce. "Lyall ne. Ka kwashe dabbobinka daga rafi yanzu, ka rufe ƙofa, ka sa kwaɗo. Kada yara su shiga. Zan gaya maka dalili, duka zan gaya maka."

Ruwan sama ya fara sauka a kan kwanon rufi. Ruwan da na yi wata da watanni ina durƙuso ina roƙo ne, ga shi ya zo, ni kuma ina tsaye a baranda ina roƙon Allah ya ɗan tsayar da shi har Lyall ya gama kira.